Yawon Bosforus da yara: jirgin tashar Eminonu ko jirgin cin abincin dare?

Hajiya, tunda da yara za ki fita kallon Istanbul da yamma ta kan ruwan Bosforus, mashigin da ya raba ɓangaren Turai da na Asiya, ki ɗauki jirgin yawo na tashar Eminonu, ki bar na cin abincin daren nan da ake tallarsa a otal.

Tun da na fara zuwa sarin kaya Laleli nake shiga na Eminonu, kuma shi na kai yarana lokacin da muka je tare. Daga Laleli jirgin ƙasan cikin gari, layin T1, zai sauke ku a bakin ruwa, kusa da gadar Galata. A jiragen yawon akwai na hukumar birni, Şehir Hatları, akwai na kamfanoni irin su Turyol. Gajeren zagaye awa ɗaya da rabi ne zuwa biyu: jirgi ya bi gaɓar Turai ya hau har ta biyu cikin manyan gadojin da suka ƙetare mashigin, ya juyo ta gaɓar Asiya. Ku zauna a sama, ɓangaren hagu, don nan ne gaɓa take kusa da ku tafiya da dawowa.

Wallahi abin da idon yara zai gani ya fi kuɗin tikitin. Za ku wuce fadar Dolmabahce, wadda sarakunan Daular Usmaniyya suka koma cikinta a 1856, doguwa fara tas a bakin ruwa. Sai masallacin Ortakoy a gindin gada ta farko, wadda aka buɗe a 1973, ita ce ta fara haɗa Turai da Asiya a birnin. Inda babban ɗana ya miƙe tsaye shi ne ganuwar Rumeli. Ya san labarin Sarki Muhammad al-Fatih daga Islamiyya, sai ga shi yana kallon ganuwar da sarkin ya gina a 1452, shekara guda kafin ya ci birnin, a daidai inda mashigin ya fi ƙunci don ya tare jiragen da ke kawo agaji daga Bahar Aswad. Ƙanwarsa kuwa ba ruwanta da tarihi. Na saya mata simit, burodin nan mai zobe da riɗi, tana gutsurawa tana jefa wa tsuntsayen teku suna cafewa a sama. Muna kan hanyar dawowa aka kunna fitilun gada, aka fara kiran magariba daga gaɓa biyu, wannan masallaci na ɗauka wancan na amsawa. Ma'aikacin jirgi na zagayawa da shayi a ƙananan kofunan gilashi. Da muka sauka, masallacin Yeni na tsallaken titi, muka yi salla, muka sayi burodi da gasasshen kifi a bakin gadar Galata, muka koma masauki yara ba su galabaita ba.

Na cin abincin dare kuma na shiga shi, ban ƙara ba. Abin da zan yaba masa shi ne mota na zuwa otal ta ɗauke ku ta mayar da ku. Bayan wannan, kuɗinsa ya ninka na Eminonu sau da yawa, sai dare ya yi yake tashi, sai wajen sha biyu yake dawowa, abincin ba wani abin a zo a gani ba. Yawancinsu ana shan giya ana rawar girgiza ciki, kuma ko kin biya na teburin da ba giya, na kusa da ke yana sha. Ba wurin da zan zauna da 'ya'yana ba ne, kuma na san ke ma haka.

Ba ki tambaya ba, amma ki kiyayi masu tare mutane a unguwar Sultanahmet da bakin tashar. Suna rataye da kati a wuya kamar ma'aikata, riƙe da taswira, su ce jirgin ƙarshe ne zai tashi yanzu, su yanka miki kuɗi da dala ko yuro. Wasu su tara ku a ƙaramar bas, su kai ku wani ɗan jirgi da ba zai motsa ba sai ya cika. Kada ki miƙa wa kowa kuɗi a titi. Ki je tagar sayar da tikiti da ƙafarki, inda farashi ke rubuce da lira, ki tambayi lokacin tashi da na dawowa, ki ƙirga canjinki a wurin.

Lokaci ne abin lura, don a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan 8:30, a Disamba kuwa kafin 6 ta faɗi. Ki duba jadawali tun da rana, ki zaɓi jirgin da zai tashi kamar awa ɗaya kafin magariba, ku tafi da haske ku dawo da fitilu. Ki riƙe wa kowane yaro rigar sanyi ko da lokacin zafi ne, iskar kan ruwan nan tana shiga jiki, kuma ƙananan su zauna ta ciki, ke ki zauna ta bakin ƙarfe. Allah ya kai ku lafiya.