White Risk, manhajar da nake dubawa kafin in hau tsauni da sanyi

'Yan uwa mazauna Suwizalan, musamman waɗanda abokan aiki suka fara ja zuwa yawon tsauni lokacin sanyi, don Allah ku sauke White Risk a waya tun kafin ku sayi takalmin hawa. Manhajar cibiyar SLF ce da ke Davos, masu binciken dusar ƙanƙara tun 1936, kuma tun 1945 suke fitar da rahoton haɗarin zaftarewarta. Duba rahoton kyauta ne, yana fitowa sau biyu a rana, ƙarfe 5 na yamma da 8 na safe, da Jamusanci da Faransanci da Italiyanci da Turanci.

Matakan haɗarin 5 ne, amma wallahi na 3 shi ne abin tsoro, mutum sai ya ga ai tsakiya ne ba komai ya kama hanya, alhali kusan rabin waɗanda zaftarewar ke kashewa, a wannan matakin ne abin ke rutsawa da su, kuma yawanci su da kansu ko abokan tafiyarsu ne ke tayar da zaftarewar. Tun sanyin 2022/23 suka ƙara alamar -, = da + kusa da lambar, to yanzu kana gane 3 ɗin nan ya kusa 2 ne ko ya doshi 4, wannan gyaran ya yi min sosai.

Inda ta fi burge ni shi ne ba lamba kawai take ba ka ba, tana faɗa maka wace irin matsala ce, sabuwar dusa ce, ko wadda iska ta tara a bayan tudu, ko jiƙaƙƙiya, ko tsohon rauni da ke can ƙasa, sannan daga wane tsawo kuma gangaren da ke kallon wace kusurwa. Tsohon raunin nan fa shi ne mugu. Sama ta daskare tsaf kamar katifa amma an shimfiɗa ta kan gero, kana takawa sai ka ji wani "wum" a ƙarƙashinka ko ka ga tsaga ta ruga gaba, to a nan juyawa ake yi ba gardama. Yana iya yin makonni bai warke ba, an fi fama da shi a cikin jihohin Valais da Graubünden, a gangaren arewa da rana ba ta cika samu ba.

Akwai taswira mai launi da ke nuna gangaren da ya wuce digiri 30, inda yawanci abin ke farawa. Tsara hanya da ajiye taswira don inda babu netwok kuma sai ka biya kuɗin shekara, ni dai a ganina ya cancanta.

Sai dai rahoton na yanki ne gaba ɗaya, ba na gangaren da kake tsaye a kai ba, su ma SLF ɗin haka suke faɗa. Kuma waya ba ta tono mutum. Wanda dusa ta binne, in aka fiddo shi cikin minti 15 na farko galibi yana rayuwa, bayan nan damar sai ta faɗi da sauri, helikofta ba lallai ta iso a lokacin ba, abokan tafiya ne za su yi aikin. Saboda haka kowa a tawaga ya rataya na'urar neman wanda dusa ta binne a jikinsa a kunne, ga sandar caka dusa don gano inda yake da shebur a jaka, ku je ku yi kwas ku koyi aiki da su, sannan ku adana lambar Rega, masu ceto da helikofta, 1414.