Kwaɗo ko korutin, wanne ya fi wajen karanta soket a Lua?

Malam, ka ce manhajarka ta C da ka dasa Lua a ciki tana mutuwa haka kawai tunda ka buɗe tiredi na biyu (wato wani layin aiki da ke gudu lokaci guda da na farko) yana karanta soket (ƙofar da bayanai ke shigowa daga netwok) yana kiran lua_pcall (aikin da C ke gudanar da lambar Lua da shi) da kansa, shin kwaɗo za ka sa (makullin da ke hana tiredi biyu taɓa abu ɗaya lokaci guda) ko korutin za ka koma (aikin da ke dakatawa da kansa ya ba wani wuri, duk a tiredi ɗaya). To laifin ba na soket ba ne. lua_State ɗaya, wato inda Lua ke ajiye duk bayananta, ba a yi shi don hannu biyu ba, kamar littafin bashi ne a rumfar albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, yara biyu na rubutu a shafi ɗaya lokaci guda, ga kuma mai kwashe sharar memori zai iya tashi a tsakiya ya share abin da ɗayan ke riƙe da shi. Kar ma sunan lua_newthread ya ruɗe ka, korutin yake ba ka.

Kwaɗo dai yana yi, amma lua_lock da lua_unlock fanko suke zuwa, sai ka cika su da kanka ka sake haɗa Lua ɗin, kuma bayan duk wannan wahala tiredi ɗaya ne ke gudu a lokaci guda, sannan Lua na sakin kwaɗon duk sanda ya kira aikin C, wato teburan bayananka na Lua ba su tsira ba. Ni ban ga riba a nan ba wallahi.

Korutin kuwa tun Lua 5.0 a 2003 yake nan. Ka sa settimeout(0) a LuaSocket, laburaren soket na Lua, don kar receive ya tsaya jira, in receive ya dawo da "timeout" ka yi yield, wato korutin ɗin ya dakata ya ba wani wuri, socket.select ya gaya maka wanda ya shirya, ko ka bar wa Copas aikin, laburaren da ke yi maka wannan duka. Ba mai taka wani. Sai dai ka kula da abu na uku da receive ke dawowa da shi, guntun bayanan da suka riga suka iso, in ka yar da shi saƙo ya yanke, kuma da netwok ɗinmu na Legas guntu-guntu zai riƙa zuwa. Select ma a Linux ba ya wuce soket 1024, kuma lissafi mai nauyi ɗaya zai tsayar da kowa.

Ni korutin zan ɗauka. In kuma tiredin nan dole ne, to ya karanta kawai ya zuba a layi mai kwaɗo ta ɓangaren C, babban tiredi ya zo ya kwasa ya miƙa wa Lua, shi kaɗai ke taɓa lua_State.