Wushirya da farin haƙori a Ingila

Ƙanwata, kin tambaye ni ko duk Turawa haƙoransu fari ne tas irin na talabijin. A nan Manchesta dai ba haka ba ne. Shayi da kofi sun rine bakin mutane da yawa, kusan yadda goro ke yi wa dattawanmu. Waɗanda kike gani suna walƙiya kuɗi suka zuba.

Hukumar lafiya ta gwamnati, NHS, ba ruwanta da kwalliya. Ciko, cire haƙori, ciwon dasashi, waɗannan take dubawa, su ma yawancin manya sai sun biya wani abu, kuma samun likitan da zai karɓi sabon mutum jan aiki ne. Mai son farin haƙori sai ya nufi asibitin kuɗi da fam ɗaruruwa a hannu. Inda suka fi mu shi ne doka: ma'aikacin haƙori mai rajista kaɗai ke yin aikin, ƙarfin sinadarin da ke sa haƙorin ya yi fari ba ya wuce kashi 6 cikin 100, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. Mu kuwa kowa da hodarsa a Instagram, ba mai tambayar abin da ke ciki.

Abin da ya fi ɗaure min kai wushirya ce. A gida har feƙe haƙori wasu ke yi don su same ta, a nan kuma fam dubbai ake biya a rufe ta, da wayar ƙarfe ko da robar Invisalign da ake sawa a haƙora, a shekara ana fama. Masu neman araha Turkiyya suke tafiya, Antaliya ko Istambul, a kankare lafiyayyun haƙora a ɗora musu hular tangaran, su dawo baki iri ɗaya. Ɓawon haƙori kuwa in ya tafi ba ya tsirowa, hular ma wata rana sai an sake ta. Alhazanmu masu haƙorin Makka ko ba komai ɗaya ko biyu suke taɓawa.

Ga duk wannan kashe kuɗi, in kun haɗa ido da mutum a hanya leɓe kawai zai matse miki ya wuce. Ba gaba ba ce, gaisuwarsu ke nan. Na masu shago kuma yaƙe ne, bai kai ido ba.

Kada ki bari kowa ya taɓa wushiryarki. Ki gaida Umma, in an samu mai tahowa a aiko min da aswaki, don a nan ɗaiɗai ake sayar da shi cikin leda, da tsada.