Na kai 070 ɗina a ƙara masa ƙarfi a Gombe: ga yadda aikin ya fito

Duk mai tsaga katako da injin hannu a Gombe ya san Stihl 070. Ƙirar kamfanin Jamus ne, cc 106, ƙarfinsa kusan doki 6.5, nauyinsa kuma ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa sarƙa ba. Nawa na hannu na saya, amma na asali ne. Dogon yaro da malaina yana cinye su lafiya lau. Da an sa shi a busasshiyar kirya ko tsohon maɗaci kuwa, sai ya fara nishi, sarƙa ta cije a tsakiyar gungume. Wannan ne ya kai ni wurin wani makanike da ke kusa da kasuwar katako, wanda yaran aiki ke cewa yana buɗe inji, wato yana ƙara masa ƙarfi.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa kafireta ba sai da ya kwance salansa, ya haska tocila ta ramin hayaƙi yana duba fistin da zobensa. Babu zane a jiki. Sai dai baƙin gawayi ya toshe ramin sosai, ya ce aikin baƙin man mota ne da mai injin na farko ya riƙa gaurayawa da fetur. Ya kankare shi, sannan ya ɗan faɗaɗa mafitar salansar. Injin da ake gauraya wa mai da fetur, in hayaƙi bai samu hanya ya fita da sauri ba, sabon mai ba ya samun wurin shiga, kamar ɗakin da aka yi turare aka rufe taga. Ya kuma canza gasket ɗin gindin silinda da wanda ya fi siriri don matsi ya ƙaru, bayan ya auna tazarar fistin da kan silinda da wayar dalma, ya tabbatar ba ta gaza milimita 0.5 ba.

A kafireta ne ya ɗauki lokaci, kuma nan ne na ga bambancinsa da masu murɗa sukuru da ka. Sukurori uku ne: L na ƙaramin gudu, H na babban gudu, LA na tsayuwar inji ba tare da sarƙa ta juya ba. In an buɗe salansa iska ta ƙaru, dole a ƙara mai ta H. Da yawa akasin haka suke yi. Suna matse H, injin ya yi ƙara mai kaifi, mai shi ya ji daɗi ya ɗauka ƙarfi ne, alhali mai ne ya yi kaɗan, kuma man nan shi ne ke sanyaya fistin yana shafe shi. Ƙarshenta fistin ya kama. Shi ya saita ta yadda in an danna wuta a iska injin zai ɗan yi gargada, da ya shiga itace kuma sautin ya miƙe. Bayan mun gwada a kan gungume ya cire fulogi ya nuna mini, ruwan ƙasa-ƙasa, ba fari ba, alamar mai bai yi kaɗan ba.

Na tambaye shi batun gwamna, wato ɗan faifan nan da iskar fanka ke turawa ya ja cok ya rage iska, injin ya sassauta, in gudu ya yi yawa. Abokan aiki da dama sun cire nasu. Ya ce, "Maigida, in ka ce in cire zan cire, injinka ne. Amma kar ka dawo mini da shi a buhu." Na bar shi a wurinsa. Ba don gudu aka ƙera 070 ba, don ja aka ƙera shi.

Ga gaskiyar da mai sayar da aiki ba zai so a faɗa ba: a ganina rabin ƙarfin da na samu daga sarƙa ya fito, kuma wannan ko kai za ka iya yi a gida. Sarƙar .404, wato lambar girman sarƙar injina, magagari mai milimita 5.5 take so. Ƙananan tudun da ke gaban kowane haƙori su ma sai an rage su zuwa kimanin milimita 0.8 ƙasa da haƙorin, in ba haka ba haƙori na da kaifi amma ba ya kamawa. Da ya ji tsaga katako nake yi ba gunduwa-gunduwa ba, ya mai da kusurwar wasawa kusan digiri 10 maimakon 30. Fuskar katakon ta fito sumul, masu fulenin ma sun lura.

Yanzu kirya ba ta tsayar da shi. Amma an biya. Ƙara ta ƙaru har sai na toshe kunne, igiyar tayarwa ta yi tauri, kuma yana shan fetur fiye da da, abin da ba wasa ba ne tun da aka cire tallafin mai a 2023. Abin da ya rage mini zafi shi ne gungume na ƙarewa da wuri. Ga shi injin ba shi da birkin sarƙa irin na sababbi, don haka ban ƙara barin sabon yaro ya riƙe shi ba. Makaniken kansa ba ya cika alkawarin rana, na yi ta sintiri kafin in karɓa, kuma wayarsa kullum a kashe.

Sharaɗin da ya ba ni shi ne man 2T kawai, wato man da aka yi don gaurayawa da fetur. Kamfanin ya ce kashi 1 cikin 50 in da mansa ne, wato mililita 100 a lita 5 na fetur. Da man kasuwa da ban yarda da shi ba nakan ninka. Lokacin hunturu kuma matatar iska kullum sai an kakkaɓe ta. Takardar malaman daji ma tana aljihuna kafin in ja igiya, domin tun da aka fara shirin dashen bishiyoyi na Gombe Goes Green a 2019 na ga ido ya ƙaru a kan masu inji.

Kuɗin aikin bai kai na sabuwar sarƙa mai kyau ba, kuma zan sake kai masa. Mai 070 na asali da fistinsa ke da lafiya, ya je. Mai ƙaramin ɗan Caina irin 5800, a wanke masa salansa, a saita kafireta, a wasa sarƙa, a tsaya nan, kar a taɓa gasket.