Wata takwas da kyamarorin tsaro huɗu masu waya ɗaya: abin da suka kama da abin da ya kuɓuce musu

Saitin da muka kafa a wurin kasuwancinmu irin wanda ake samu a kasuwa ne: kyamarori huɗu masu ƙarfin megafiksel 4, da na'urar naɗa hotuna da ake kira NVR, da faifan ajiya mai cin terabait 2. Bayan wata takwas ina amfani da shi, ra'ayina shi ne ya cancanci a saye shi, amma da sharaɗin kada mai saye ya yarda da duk abin da aka rubuta a jikin kwali.

Kafa shi bai ba mu wahala ba, domin kowace kyamara da wayarta guda ɗaya, wadda take kai mata wuta kuma ta dawo da hoto, bisa tsarin PoE wanda aka amince da ƙa'idarsa tun 2003. Iyakarta mita 100 ne, kuma wannan ya ishe mu. Cikin yini guda ma'aikacin ya gama, ya tafi.

Inda na fi daɗewa ina nazari shi ne batun gane fuska, domin a nan ne amfanin kyamara yake tabbata ko ya rushe. Da rana hoton tangaran yake, launuka suna fita sosai, har mutum ya ɗauka babu abin da zai wuce shi. Sai ranar da kwalin kaya ɗaya ya ɓace daga bakin sito muka koma kan hoton: ga mutum nan ya sunkuya ya ɗauka, ga rigarsa, ga irin tafiyarsa, amma da muka ƙara girman fuskar sai ta wargaje ta zama 'yan murabba'ai. Daga baya na fahimci dalili. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suke bi tana neman kimanin fiksel 250 (ƙananan ɗigogin da suke haɗuwa su zama hoto) a kowace mita kafin a iya tantance baƙuwar fuska, alhali faɗin hoton kyamarar megafiksel 4 fiksel 2560 ne, wato da zarar filin da take kallo ya wuce faɗin mita 10, ta daina tantance baƙuwar fuska. Tamu kuwa mai faffaɗan gilashi ce, an kuma maƙala ta can ƙarƙashin rufi, tana kallon tsakar kawunan mutane. Da muka sauko da ɗaya daidai ƙofa, ɗan sama da tsayin mutum, sai ta fi sauran ukun amfani baki ɗaya.

Da dare kuma hoton yana komawa fari da baƙi da taimakon fitilun infrared, masu hasken da idon mutum ba ya gani. Kwali ya yi alƙawarin mita 30, kuma gaskiya ana hango motsi a wannan nisa, sai dai fuska ba ta fita sai mutum ya matso sosai, lambar mota kuwa hasken yana dawowa daga jikinta ta zama fari fat. Akwai kuma gizo-gizo, wanda babu mai ambatonsa a talla: hasken yana jawo ƙwari, shi kuma ya zo ya yi saƙa a bakin gilashin, ta yadda a makon farko wayata ta riƙa ƙara da saƙon gargaɗin motsi tsakar dare saboda zare ɗaya da iska ke kaɗawa. Sai da na kunna tsarin da ke bambanta mutum da sauran motsi na samu barci.

Faifan ajiyar ya yi kaɗan. Kowace kyamara tana cin kusan gigabait 43 a rana idan tana naɗa ba tsayawa a kan megabit 4 cikin daƙiƙa, don haka huɗun suna cika faifan cikin kwana 11 ko 12, sabon hoto ya hau kan tsoho ya shafe shi. Wanda ba ya ƙirga kayansa sai ƙarshen wata, zai tarar shaidarsa ta tafi. Sauya tsarin matse bidiyo zuwa H.265 ya rage cin wuri sosai, duk da haka da zan sake saye, da terabait 4 zan fara.

Manhajar wayar tana da sauƙi wajen kallon abin da ke faruwa kai tsaye, amma neman abin da ya wuce tana da nawa, gara a zauna gaban na'urar da kanta. Na yaba da yadda ta ƙi buɗewa sai da muka sanya sabuwar kalmar sirri. Ba ƙaramin abu ba ne, domin a 2016 muguwar manhajar Mirai ta mamaye dubban kyamarori da na'urorin da aka bari da kalmar sirrin masana'anta, aka yi amfani da su wajen kai harin da ya katse Twitter da Netflix ga mutane da yawa a Amurka. Saitin bai zo da batirin ko-ta-kwana ba, kuma idan wuta ta ɗauke naɗi ya tsaya, don haka dole muka sayi namu daban, muka kuma kulle na'urar a akwatin ƙarfe nesa da teburin kuɗi, tunda ɓarawon da ya san aikinsa ita zai fara nema.