Hoton bariyom ko endoskofi, kafin ka cire kuɗinka

Idan abinci na tsaya maka a ƙirji ko ƙwannafi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita zai ce a yi gwaji, to a nan mutum ke rasa inda zai kai kuɗinsa. Ni dai bariyom ne nawa, shi ya gano matsalar Innarmu bayan shekara biyu ana ba ta maganin olsa a banza.

In hoton bariyom za a yi maka, za ka daina ci da sha tun tsakar dare, da safe a miƙo maka bariyom ɗin, wani farin ruwa mai kauri kamar kunun gyaɗa sai dai ɗanɗanon alli gare shi, kana haɗiya likitan hoto na kallonsa a allo yana gangarawa daga maƙogwaro har cikin tumbi, a juya ka gefe, a kwantar da kai, a sake cewa kurɓi. Ba allura, ba tiyo, wajen minti 30 an gama. A wajen Inna da idona na ga ruwan ya taru ya tsaya, ƙarshen bututun abincin ya tsuke kamar bakin tsuntsu, ashe ƙofar cikin ce ba ta buɗewa. Bayan gida zai yi fari kwana ɗaya ko biyu, kar ka tsorata, ka sha ruwa sosai don yana ƙulle ciki. Mai juna biyu ba a yi mata, haka in ana zargin ciki ya huje.

Endoskofi ya fi tsada kuma sai an zura tiyo mai kyamara, amma shi kaɗai ke iya ɗebo tsoka a auna, don haka mai aman jini, baƙin bayan gida ko rama ba dalili can zai nufa kai tsaye. Sikanin da ake shafa man nan kuwa ba ya nuna olsa.

Amma jama'a ku yi hattara! Mu wani wuri muka fara zuwa, aka ba Inna ruwan bariyom ta shanye, aka ɗauki hoto biyu tsaye kamar na ƙirji, ba allo ba likitan hoto, aka karɓi kuɗi aka ba mu fim ko rubutun sakamako babu. Kafin ka biya ka tambaya, injinku na nuna haɗiyar tana tafiya? Wa zai karanta ya sa hannu? In suka fara kame-kame ɗauki takardarka ka fita. Sai kuma masu na'urar nan da ake riƙewa a tafin hannu, kwamfuta ta lissafo maka olsa da ciwon hanta da ƙoda a minti ɗaya, wallahi ƙarya ce, ka lura maganin da za su ce ka saya yana nan jere a kan teburinsu.