Hayar siririn jirgi a magudanar Llangollen: daɗi da inda ake nutsewa

A Birtaniya ana ba da hayar siraran jiragen ruwa na kwana uku, huɗu ko mako guda, mutum ya tuƙa da kansa ba tare da lasisi ba. Magudanar Llangollen, wadda ta taso daga Hurleston a Ingila ta shiga Wales, tana cikin waɗanda 'yan haya suka fi rububi.

Faɗin jirgin bai wuce mita 2.08 ba. Ciki akwai gadaje, murhun gas, firji da banɗaki, amma mutum biyu ba sa gilmawa sai ɗaya ya raɓe. In an ce jirgi na mutum shida ne, huɗu ne za su sake. Iyakar gudu mil 4 a awa, kuma a rage sosai kusa da jiragen da ke ɗaure. Babu birki sai ribas. Sandar tuƙi tana baya: ka tura ta hagu, goshin jirgi ya nufi dama. In za a gilma wa juna, kowa ya bi hannun damansa.

Raunin wannan hidima shi ne koyarwar ranar karɓar jirgi. Gajeriya ce, kuma hankalin baƙo yana kan kaya da yara, ga shi abubuwa biyu da ke nutsar da jirgi suna cikin bayanin.

Na farko yana cikin ɗakin ruwa, wato wurin nan mai ƙofofi gaba da baya da ke hawa da jirgi ko sauko da shi. Akwai 21 a wannan hanya, uku a Grindley Brook a manne kamar matakala. A gindin ƙofar sama akwai dakali da ruwa ke rufewa. In ana sauka kuma bayan jirgi ya hau kansa, ruwa zai janye, baya ya maƙale, goshi ya dulmiya. Shi ya sa ake shata farin layi a bango: jirgi ya tsaya gaba da shi. Da an ga ya fara karkata, a rufe duk mashigan ruwa nan take, sannan a mayar da ruwa kaɗan-kaɗan. Kada a bar ƙarfen murɗawa na buɗe mashigan ruwa a jikin sandarsa, don in ya kuɓuce yana iya fasa haƙori.

Na biyu murfin da ke saman farfela ne. Leda, igiya da ciyawa sukan naɗe farfela, alamarsa jirgi ya rasa ƙarfi, sandar tuƙi ta riƙa karkarwa. A kashe inji, a zare makulli a sa aljihu, sannan a buɗe a cire. Wanda bai ɗaure murfin tam ba, farfela da kanta za ta yi ta watso ruwa cikin ɗakin inji.

Abin da ke biyan kuɗin kuwa gadar Pontcysyllte ce, wadda magudanar ke bi ta kanta, aikin Thomas Telford da William Jessop da aka gama a 1805. Kwamin ƙarfe ne mai tsawon mita 307, mita 38 sama da kogin Dee, kuma ɓangare ɗaya babu shinge ko kaɗan. Faɗinta na jirgi ɗaya ne, sai a duba kafin a shiga, yara su zauna ciki. Haka ramin da magudanar ta bi ta ƙarƙashin ƙasa a garin Chirk, a kunna fitilar gaba.

Daga Trevor, da ke bakin gadar, zuwa Llangollen ruwa ba zurfi, hanya ta tsuke, ga ruwan Dee yana turo jirgi baya. A sauke mutum ɗaya ya riga ka a ƙasa da waya, don ya sanar da kai in wani jirgi na tahowa. Sabon shiga ya ɗauki jirgi a kusa da Chirk, don ɗakunan ruwa na ƙarshe suna New Marton, kafin a kai Chirk, daga nan zuwa Llangollen babu saura, kuma ya kauce wa hutun makaranta na Agusta, lokacin da layin Grindley Brook kan ci awoyi.